Tsallen da ya kai shi Damagaram

Ɗan ƙanwar babata ne ya gano wurin, wani bene a unguwar Khalidiyya saman shagon gyaran firij. Ya zo yana haki, wai ana koyar da ninjutsu, ya'ani faɗan ninja na gaske. Na ce, "Kai da baƙin nan naka, ba ka kayan ninja ai ɓarnar yadi ce."

Gida ɗaya muka tashi, duk a Madina aka haife mu. Ni kakana ya zama ɗan ƙasa tun da daɗewa, ina da katina a aljihu. Shi ubansa mutumin Nijar ne, da ya rasu iƙamar gidan, wato takardar izinin zama, ta bi shi kabari. Duk ranar da masu duba takardu suka riƙe shi, sai tarhil, a ɗora shi a jirgi zuwa ƙasar da ko a mafarki bai taɓa gani ba.

Malamin ɗan Indunusiya ne, gajere, kowa Kabtin yake ce masa. Na je da zaton za a raba mana takubba da taurarin nan na jifa. Ashe faɗuwa za mu koya. Mu faɗi, mu mirgina, mu tashi, mu sake faɗi, kamar buhunan shinkafa. Daga baya aka shiga taku ba ƙara, da zamewa in an shaƙe ka, da sanda, da haura katanga. Kullum Kabtin maganarsa ɗaya: wannan ba wasan cin kofi ba ne, amfaninsa ka koma gida lafiya. Gwani shi ne wanda aka wuce ba a lura da shi ba. Gudu da tsalle sai in komai ya ƙare.

Na ce, "Kabtin, in haka ne ai innarmu ta fi ka bel ɗin gwaninta."

Uwar yaron nake nufi. Shekara da shekaru tana shimfiɗa tasbaha da aswaki a gefen masallacin Ƙiblatain, inda motocin alhazai ke tsayawa. In masu dubawa suka bayyana, sai ta naɗe zanen ta cusa cikin abaya, ta riƙe carbi ɗaya, ta shiga tsakiyar alhazan Afirka tana ɗaga kai tana kallon hasumiya kamar jiya ta sauka. Dokar masu talla a nan ke nan, ba a gudu. Wanda ya ruga ya nuna kansa.

Shi kuwa ɗan nata tsallen ne ya shiga ransa. Duk katangar unguwa ya haure ta. Inna ta ce masa, "Kai, ɗan nan, ka taka ƙasa kamar mutane." Ya amsa da Larabci yadda ya saba, wai zamanin sunkuyar da kai ya wuce.

Wata rana bayan la'asar muna taya ta zama, motar masu dubawa ta tsaya. Inna ta naɗe zaninta ta bi wasu mata 'yan Mali. Na ce masa a hankali, "Ɗauki ledar dabinon nan, ka zama alhaji." Ko kallonsa ba su yi ba tukuna, wallahi wani mai shayi suka nufa. Sai ya zabura. Ya taka bayan mota, ya dafa katanga, ya wuce ta sama. Tsalle mai kyau, har wani alhaji ya ɗaga waya. Duk titin ya juyo. A lungun baya suka tare shi.

Inna tana cikin matan nan tana jan carbi, ba ta isa ta ko waiwaya ba.

Da na gaya wa Kabtin, ya daɗe yana gyara tabarmar atisaye da ƙafa. Ya ce shi ba haka ya koyar ba. Na ce na sani, amma katangar ma kai ka koya masa. Ban sake hawa benen ba.

Yanzu ɗan'uwan nawa yana Damagaram wajen baffannin da bai sani ba. Yara suna ce masa Balarabe, suna dariyar Hausarsa. In ya kira nakan ce, "Ninja, ya katangun can?" Ya ce na ƙasa ne, in ka dafa sai su rushe. Daga nan sai ya ce in juya wayar ya ga titi, ko da motocin alhazai ne.