Dutsen Baba Andrew

Baba Andrew mutumin Rijau ne. Shekara talatin yana fasa dutse a bakin hanyar da ta fita daga Kontagora zuwa garinsu. Bai yi boko ba. Gudumarsa biyu, kuma yana da rabin duro da ba ya rabuwa da ruwa.

Na je wurinsa wata takwas bayan katangar ɗakin yarana ta faɗi da damina, ta danne ɗana Zaidu, muka rasa shi. Dutsen tushen ginin ne ya ruɓe. Zan sake gina ɗakin, kuma 'yata Ruka ce za ta riƙa kwana a ciki. A lokacin ban yarda da kowane mai dutse ba.

Na miƙa masa guntun tsohon tushen. Ya murza shi da babban yatsa, yashi ya zubo.

"Malam, wannan daga wajen Kaboji ne. Yashi ne ruwa ya tara, nauyi ya danne shi ya haɗe. Ruwa ya yi shi, ruwa kuma ke kwance shi."

Ya ɗauko wani mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi. "Wannan narkakke ne da ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa." Ya nuna na uku, mai layi-layi. "Wannan zafi da matsi suka sauya shi. Idan ka kafa shi a tsaye, zai tsage."

Abin da aka koya mana ke nan a jami'a, sai dai babu sunayen Turanci. Amma sanin nasa ya yi yawa, kuma bai tambaye ni inda na samo guntun ba.

"Baba, ka taɓa sayar da irin wannan?"

"Na taɓa. Kafin in sayi duron nan da nake jiƙa dutse a ciki in gwada shi."

"Wa ka sayar wa?"

"Masu tifa. Ba sa faɗin gidan da za su kai."

Na dubi hannayensa, shi kuma ya dubi guntun.

Na ce kowane dutse sai ya kwana uku a ruwa, kuma ni zan buga shi da kaina.

"To ka zo da duronka, Malam. Nawa ba zai ishe ka ba."

Mako bakwai muka yi. Na ware duwatsu goma sha ɗaya marasa kyau, shi ya ƙara huɗu a kansu. Ruka ta shiga ɗakin kafin ruwan farko. Har yau ban tambaye shi shekarar da ya sayi duron ba.