Baro Mai Birki

A ofis ana kiransa Wanda-Kuma, domin da kalmomin nan yake ci da iyalinsa. Aikinsa rubuta wa masu ƙirƙira takardar neman mallaka. Da'awa ta farko ita ce uwa: a bar ta tsirara, ba ado. Sauran 'ya'yanta ne, kowace ta jingina da ita ta ƙara sharaɗi guda: baro irin na da'awa ta ɗaya, wanda kuma yake da kaza. Yakan gaya wa masu zuwa cewa duk kalmar da aka ƙara wa uwa ƙofa ce aka buɗe wa mai kwaikwayo. Ya sa injiniyoyi kuka a kan kujerar baƙi, bai taɓa miƙa musu hankici ba.

Sai surukinsa, tsohon makanike, ya ƙera baro mai birki, ya turo shi har tsakiyar ofis.

"Ka rubuta kore ne," in ji tsohon. "Da ƙararrawar keke a hannun dama."

"Baba, za a sa su a ƙasa, cikin 'ya'ya."

"Ƙasa? Ƙararrawar da na ciro daga keken aurena? 'Yata na ba ka, a ƙasa na ajiye maka ita?"

Wanda-Kuma ya sunkuyar da kai. Ya san in kore da ƙararrawa suka hau sama, duk mai gwangwanin fenti ya gama da tsohon. Ya kuma san bai taɓa ce wa mutumin nan a'a ba, ko a kan yawan sukarin shayi. Ya rubuta su a da'awa ta farko. Mai duba takardu a hukuma ya amince nan take, abin da bai saba ba, don babu wanda ya taɓa neman mallakar abu ƙanƙani haka.

Tsohon ya sa takardar a gilashi. Bai gama zaɓar ƙusar da zai rataye ta ba sai wani mai walda na bakin titi ya jera baro masu birki, shuɗaye, ba ƙararrawa, ana layin saye.

"Mu kai shi kotu!" in ji tsohon.

"Baba, nasa shuɗi ne."

Tsohon ya juya ga 'yarsa, wadda ta shigo da ruwa.

"Wai wannan ne kike cewa ya iya aiki?"

"Haka suke faɗa a ofis, Baba," ta ce.