Tumatir a Takalmin Sanyi

Kai, ga wani dattijo a kasuwar Osh ta Bishkek, farar hula a ka, hannu sumul. Ina jin tsohon ma'aikacin ofis ne, bana ya fara riƙe fartanya. Yana kwance ƙullin hankici gaban wata mai tumatir. Tumatir ne a ciki, ɗan farin lambunsa, kore shar.

"Ƙanwata, yaushe zai nuna? Sanyi na tafe, matata sai dariya take mini."

"Haba Baike, yayana, tumatir ba ya bin umarnin ofis! Tsinke su duka, ka zuba a dogon takalmin sanyi su ji ɗumi, ka sa nunanne ɗaya ya koya musu."

A nutse yake zaɓen ja ɗaya tak, kamar mai nema wa 'ya'yansa malami. Ya sa shi a aljihun ƙirji, yana tafe yana murmushi.