Wadda ta amsa mini sallama a bayan esi

Jama'a, ni ba mutum ne mai son irin wannan labari ba, kuma ba zan ce muku ga abin da na gani ba, zan dai faɗi abin da ya faru, wallahi ba ƙari. Shekarun baya ne, ina zaune a unguwar Mansur a Makka, na gama digirina na shari'a ina jiran a ɗauke ni karatun digiri na biyu, ni da matata Hafsa a wani ɗan gida a hawa na uku.

Cikin sanyin Janairu surukina ya zo umra ya sauka wurinmu. Sanyin Makka ba wani sanyi ba ne, amma Baba tsoho ne mai ciwon ƙirji, kwana ɗaya ya yi tari ya kama shi. Da safe ya kira Hafsa ya ce a nemo masa kasko da gawayi, a hura masa a ɗaki a rufe ƙofa, haka yake yi a gida. Ni kuwa na san garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum yana barci, ga shi ba a yi wa suruki musu. Na ce, "Baba, a ɗan dakata, ina kyautata zaton esin nan yana ɗumi." Ya ce, "To Malam, in an yi magariba bai yi ba, kasko." Na leƙa shagunan unguwa neman hita, wani Bayamane ya yi ta dariya, wai a Makka?

Esin irin mai gida biyu ne, rabi a bangon ɗaki, rabi a waje ƙarƙashin taga. Na ɗauki rimot na bi shi a tsanake. Na mai da shi kan hoton rana, na ƙure lambar zafi, na jira, don na karanta a waya cewa sai ya ɗan jima kafin ya fara hurowa. Ya huro sanyi. Na canja batir, na zare ragar ciki na wanke na shanya, na kashe wutar gidan gaba ɗaya na kunna. Sanyi dai. Baba yana ƙudundune cikin bargo yana kallona, ya ce, "Malam, wannan ɗumin naka ya fara isata."

Saura na waje, wanda aka ce dole ya samu iska. Bayan la'asar na buɗe taga na leƙa, sai ga tattabara ta yi sheƙa tsakanin injin da bango, ta cusa tsinke da tsumma ta toshe bayansa, tana zaune a kai. Wanda bai zauna Makka ba zai ce a kaɗa mata hannu. To cikin Harami muke, ba a firgita tsuntsu balle a kore shi, ni kuma na yi jarrabawa a kan wannan babin. Na kira abokin karatuna Habibu na tambaye shi. Ya ce, "Kai ma ka sani. In ta tashi saboda kai ta faɗa bakin kyanwa, yankan tunkiya na fansa na wuyanka." Na ce in na yi tari kawai fa, ba da niyyar kora ba? Ya ce, "Ai ka riga ka yi niyyar tun da ka tambaya."

Na koma na yi wa Baba bayani har da saɓanin malamai. Ya saurara, ya ce, "Duk wannan karatun ba a koya muku roƙo ba? Maƙwabciyarka ce, yi mata sallama ka faɗi buƙatarka." Hafsa ta toshe baki ta gudu kicin.

Na leƙa, na tabbatar ba mai kallona, na ce assalamu alaikum a hankali.

Aka amsa. Muryar tsohuwa ce, da Hausa, ba daga titi ba kuma ba daga sama ba, daga bayan injin nan, inda tafin hannu ma da ƙyar zai shiga. Ban ce tattabarar ce ba, don ban ga bakinta ya motsa ba, ido ɗaya kawai ta zuba mini. Bakina ya ci gaba da kansa, na ce muna da baƙo mara lafiya, ɗumi muke nema. Sai aka ce, "In kun ja ɗumin ciki, mu sanyin zai huro wa. Yaushe zai tafi?" Na ce da ya gama umra. Aka ce, "To, albarkacin baƙo. Rufe tagar."

Na rufe. Ban taɓa rimot ba, na rantse, injin ya yi ƙara ƙas, iska mai ɗumi ta fara sauka. Baba ya yaye bargo ya ce, "Ka gani? Ladabi." Na tambaye shi ko ya ji an yi magana, ya ce shi kunnensa ya yi nauyi. Maganar kasko ta mutu, tarin ya lafa, ya yi umrarsa da ƙafarsa.

Ranar da muka raka shi Jidda muka dawo, esin ya koma sanyinsa. Na kira mai gyara, wani Bahaushen Sudan, na ce ɗumin ya daina. Ya buɗe na ciki, ya leƙa na waje, ya ce, "Ya ustaz, wannan barid ne bas, na sanyi zalla, ko kayan ɗumi babu a cikinsa." Hafsa ta rantse masa har gumi Baba ya yi. Ya sake leƙawa ya daɗe, ya ce sheƙar babu ƙwai babu kashin tsuntsu, kuma da ɗumi kamar yanzu aka tashi daga kai. Ya tattara kayansa, ko shayi bai tsaya sha ba.

Mai yiwuwa akwai bayani, ban musa ba, ni dai ban same shi ba, kuma har muka bar gidan ban ƙara buɗe tagar nan ba. Shawarata, in za ku kama gida ku tambaya tun farko ko esin na ɗumi ne. In kuma kun leƙa bayan inji kun ga wani abu zaune yana kallonku, kada ku kore shi, amma ku yi tunani kafin ku yi sallama, don ana amsawa.