Na Je Lolo Don In Zaunar da Sahabi a Benci

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, ni da wani abokina malamin aikin gona, a tsohuwar motarsa wadda ƙofar gabanta ba ta buɗuwa sai ta waje. Shi albasa da kifi suka fito da shi. Ni kuwa hankalina a tashe yake, ko karin kumallo ban iya yi ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne mataimakin kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kwalejinmu, kuma 'yan baya ne a hannuna. In mun yi nasara a yabi babban koci da 'yan gaba, in an zura mana ƙwallo kowa ya waiwayo yana neman inda nake zaune. A cikin 'yan bayan nawa akwai Sahabi, wani dogon saurayi daga wani ƙauye kusa da Lolo. Gab da hutu ya yi karo da wani ɗan gaba a wajen atisaye, kai da kai, ya faɗi ya ɗan suma. Likita ya duba shi, ya ce ƙwaƙwalwa ta girgiza, kada ya kusanci fili sai ya sake ganinsa. Ni kuma ya ja ni gefe ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: idan kan nan ya sake buguwa kafin ya warke, ana iya rasa yaron nan take. Sahabi ya ce to, ya tafi hutu gida.

Kwatsam sai wani abokin wasansa ya nuna mini saƙo a waya, wai ranar kasuwar Lolo ƙauyensu zai kara da wani ƙauye na tsallaken iyaka, kuma Sahabi ne kyaftin. Na yi ta kiran lambarsa har yatsana ya gaji, ba ta shiga. Washegari ce ranar kasuwar, kuma da la'asar ake take wasa.

Hanyar da sauƙi har muka wuce Bunza. Fadama ta yi kore shar da shinkafar rani, injinan ban ruwa na ta ƙugi, mata da yara suna korar tsuntsaye da gwangwanaye. Abokina ya mai da motar aji, kowace gona sai ya faɗa mini irin da aka shuka da takin da ya kamata a sa. A Dakingari ya tsaya taya albasa, ya ɗaga wannan ya shinshina waccan, ya ce ta yi tsada, ya dawo mota hannu wofi. Da ba motarsa ba ce, da na bar shi a wurin.

A Zagga ya rantse ba zai ƙara gaba ba sai na sa wani abu a cikina. Muka samu wata dattijuwa mai masa a gindin bishiya, ta zuba mana da miyar taushe mai zafi. Gaskiya masar ta yi daɗi, kuma kuɗinta bai kai rabin na birni ba, amma ni ina ci ina duban tsayin rana. A Bagudo muka sha mai na kwalba a bakin titi, muka nufi gadar Tuga. Duk fargabar da nake ciki sai da na yi shiru na kalli kogin Kwara, ruwa shimfiɗe iya ganinka, masunta suna jefa ragar birgi daga ƙananan jirage. Daga tsallake ne hanya ta nuna mana halinta. Rami na bin rami, ga shingayen jami'an tsaro, kowanne a tsaya a gaisa a buɗe but. Can gaba wayata ta yi ƙara, na zabura ina zaton Sahabi ne, ashe saƙo ne da Faransanci ana yi mini maraba da shigowa Benin, alhali ina cikin ƙasata. Nan na gane dalilin da lambarsa ba ta shiga.

Mun isa Lolo kasuwa ta cika ta batse. Dendanci a dama, Fulatanci a hagu, Hausa ta haɗe kowa, naira da sefa suna yawo a hannu ɗaya. Buhunan shinkafa shanshera jibge, ƙamshin bandar kifi ya cika ko'ina, 'yan acaba suna kutsawa da kayan da ya fi ƙarfin jaki. Abokina ya ɓace a layin masu kifi. Ni na hau babur zuwa ƙauyen su Sahabi.

Ban same shi a gida ba, yana can tare da 'yan wasa. Mahaifinsa, dattijo manomi mai sanyin magana, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure. Sai da muka gaisa tsaf, ya tambayi gida da aiki da gajiyar hanya, aka kawo fura na sha, sannan na samu bakin faɗin abin da ya kawo ni. Ya saurare ni har na kai aya.

"Malam, na ji batunka," in ji shi. "Amma dubi yaron ga. Jiya shi yad ɗauko buhun shinkafa daga gona har gida. Ba jini, ba kumburi. In na hana shi, mi za ni ce ma mutane? Ɗiyan wasu su shiga, nau shi zamna?"

Kafin in buɗe baki sai muka ji muryar mahaifiyar Sahabi daga bayan zana.

"Malam, gaya mishi dai. In rana ta yi zafi, riƙe kai yaron ga shi ka yi. Shekaranjiya ma amai ya yi bayan ɗaki, shina zaton ban gani ba."

Dattijon ya dube ni.

"Ni ba ni iya hidda shi, gari zai zage mu ni da shi. Amma na lura, wajen ƙwallon nan naku, ko ɗan sarki ne in koci ya ce shi zamna, zamnawa shi ka yi. Bari in ga tela."

Tela shi ne kocin ƙauyen. Da ya ji wai babban koci ya zo daga birni, sai ya cire usur daga wuyansa ya rataya mini da hannu biyu, yana ta washe baki. Ban gyara masa ba. Shekara da shekaru ina ɗaukar jakar ƙwallaye a bayan wasu, na ga kociya sun zo sun tafi, ban taɓa riƙe ƙungiya da sunana ba. Yau ga ta an ba ni, a filin da aka girbe dawa, raga kuwa komar masunta ce aka ɗaura a jikin gora.

Sahabi na hango ni ya sunkuyar da kai. Na tara 'yan wasa na kira waɗanda za su fara, na sa wani gajeren masunci mai ƙirar ƙarfi a gurbinsa. Sahabi ya biyo ni gefe, idanunsa sun kaɗa.

"Koci, garinmu ne fa. Kai ka koya mini ɗan baya ba shi kauda kai ga ƙwallo."

"Ni na koya maka. Yau kuma na ce ka zauna."

'Yan tsallake sun iso a kan babura da jirgin ruwa, da gangunansu da tutocinsu. Suna da wani ɗan gaba ƙato, dogo kamar bishiyar giginya, kuma duk dabararsu guda ce: a ɗaga masa ƙwallo sama. Tun da aka take, 'yan kallo suke rera sunan Sahabi. Wani ya ce an sayi kocin birni da sefa, wata tsohuwa ta yi mini daƙuwa da hannu biyu. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci.

Bayan an dawo ne suka matsa mana lamba. Ina tsaye ina ihu a gyara layi, sai na waiwaya na ga Sahabi ya miƙe yana ɗaure takalmi, tela yana ɗaga wa alƙalin wasa hannu a yi canji. Na san in jama'ar nan suka tura shi fili, ni kaɗai ba zan iya tare shi ba. Sai ga mahaifinsa ya ratso mutane a hankali da sandarsa, ya zauna a kan benci, ya kama gefen rigar ɗansa ya ja shi ƙasa. Ya ɗora hannu a gwiwar yaron, bai ɗauke ba har aka tashi.

Saura kaɗan a tashi 'yan tsallake suka samu bugun kusurwa. Ƙwallo ta taso sama, ƙaton nan ya sheƙo da gudu ya yi tsalle da dukkan ƙarfinsa. Masuncina ya dube shi, ya ga abin ba na wasa ba ne, ya duƙe. Ƙwallo ta faɗa raga. Na san aikina, na san daidai inda kan Sahabi zai kasance a wannan tsallen, domin ni na koya masa tsayuwar. Ban san lokacin da na ɗaga hannu sama na ce "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi ba. Rabin ƙauyen sun ji ni. Ba don dattijon ya raka ni har bakin hanya ba, da ban san yadda zan fita garin nan ba. Tela ya karɓe usur ɗinsa ko kallona bai yi ba.

Mun kwana a Lolo. Da safe mahaifin ya kawo Sahabi da kansa, ya ce in mai da shi wurin likita. Muka cusa shi a baya tsakanin kwandunan kifin abokina, wanda ya yi sayayya kamar zai buɗe shago. Sahabi bai yi mini magana ba har muka hau gadar Tuga. Rana tana dukan ruwa, haske yana ƙyalli, sai na ji ya ce a hankali, "Koci, hasken ga shina sa kaina ciwo." Na cire hular hana-sallata na miƙa masa, ya rufe fuska. Wannan ne karon farko da ya amsa da bakinsa cewa ba shi da lafiya, kuma a nan ne hankalina ya kwanta.

Mun shigo Birnin Kebbi bayan azahar, muka zarce asibiti. Likita ya ce kan bai gama warkewa ba, amma in ya huta zai warke sarai, zai ma koma fili. Tafiyar nan ta koya mini cewa ciwon da ba a gani shi ya fi wuyar tarewa, kuma a aikin ɗan baya akwai ranar da raga ba ita ce abin tsaro ba. Yanzu na ƙara wa yarana darasi ɗaya: wanda kansa ya bugu ya faɗa, wanda ya gani ya yi shiru ni da shi ne.

Sahabi dai har yau bai yafe mini ƙwallon nan ba. Kullum da yamma yana zuwa fili da kayan gida, ya gaishe ni a daƙile, ya wuce benci ya zauna yana hararata. Ni kuwa in amsa gaisuwar da murnata, don mai rai ne ke fushi da ni.