Farin Hayaƙi da Barkar Hajiya

"Kai Sani, gobara ake yi?" in ji mahaifiyata, tana nuna talabijin. Hayaƙi na tashi daga wani rufi, jama'a maƙil a fili, wasu har da hawaye.

Na ce, "A'a Hajiya, murna ce. Idan farin hayaƙi ya fito, an zaɓi sabon Fafaroma ke nan, shugaban Katolika."

Ta ce, "Ashe na su Maman Chika ne. Kira min ita."

Maman Chika ce nas ɗin da ta karɓi haihuwarmu duka a unguwarmu ta Gwale. Tun da ta bar Kano bayan wani rikici, zumuncinsu ya yi sanyi.

Ko gaisuwa ba su gama ba Hajiya ta ce, "Barka na kira in yi miki. An naɗa muku sabon babba. Allah ya taya shi riƙo."

Maman Chika ta ce, "Hajiya, ko 'ya'yana ba su kira ni ba tukuna. Ashe Gwale ba ta manta da ni ba?"

Hayaƙi ya tashi a Rum, zumunci ya farfaɗo a gidanmu. Ku fa, wa kuka daɗe ba ku kira ba?