Buhun da Na Ɓoye

Ƙanwar mahaifiyata ma'aikaciyar tsabta ce, cikin masu zagaya kasuwar Agadez suna duba abinci. Inna nake ce mata. Gajera ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ruwanta da abin da aka rubuta a jikin buhu. Wani ƙarfe gare ta mai rami, shi take sokawa a gindin buhun, ta tari abin da ya zubo a tafin hannu, ta shinshina. Ƴan kasuwa sun fi tsoron hancinta da kakinta.

Shekarar da na buɗe rumfar hatsi, wani kamyo, babbar motar kaya, ya kawo mini gero daga kudu, cikin sababbin buhuna masu rubutun "sabon hatsi, na bana". Na kwance bakin ɗaya, na ga gero fes. Ashe na sama ne kawai. Na ƙasa tsoho ne, ya sha ruwa, ya yi funfuna. Da na gane, sai na yi shiru, na ce ai innata ce mai dubawa.

Ranar da ta zo, ko gaisuwar kirki ba ta amsa ba. Ta soka, ta shinshina, ta ce, "Malam, wannan ko akuya ba za ta ci ba." Malam! Ni da ta goya. Aka kwashe buhunan a gaban maƙwabta, kunya ta kusa kashe ni.

Abin da ba ta gani ba, tun da safe na kai buhu ɗaya gida, can unguwar Dagmanet. A ganina, in an wanke an shanya, ai zai yi kunun yara.

Bayan la'asar sai ga ta, ta tuɓe kaki ta ɗaura zane, da ƙwarya a ka. Ba ta tambayi kowa ba, ta wuce ɗakin ajiya, ta ɗaga tabarmar da na rufa wa buhun.

Na ce, "Inna, wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ɗana, ni na yaye ka. Ko ɓawon rake ba ka iya zubarwa."

Ta sa na haƙa rami bayan gida, ta tsaya a kaina har na binne shi. Na yi fushi sosai, ban ɓoye ba. Ita ko a jikinta.

Da na shigo ina kaɗe ƙasa, na tarar matata ta buɗe ƙwaryar. Gero ne mai kyau, daga tukunyar Inna, wanda na san shi ke nan gare ta har ƙarshen wata. Ƴata ƙarama na zaune a cinyar uwarta tana jiran kunu. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon yarinyar, na tuna abin da na yi niyyar ba ta.